Salansar da Inna Ta Sani

Tun bara kuke yi min ƙorafi a kan babur ɗin da ke jingine a zaure. Wannan ya ce ya tare hanya, waccan ta ce ɓeraye za su yi gida a cikinsa, autanku kuwa har mai saye ya kawo min ba tare da ya tambaye ni ba, na haɗa shi da mai sayen na kora. Na san abin da kuke faɗa a bayan idona: wai tsufa ya fara taɓa Baba, tunda kowace Juma'a sai ya tayar da babur ɗin da ba ya zuwa ko'ina, ya jawo kujera ya zauna kusa da shi. Ban taɓa yi muku bayani ba saboda akwai abin kunya a ciki, kuma kunyar tawa ce. Amma tunda rubutun tarihin rayuwata da nake yi muku ya kawo ni wannan shekarar, ba zan tsallake ta ba. In na bar duniya ku yi yadda kuka ga dama da shi, amma ku san abin da kuke sayarwa.

A lokacin ina malamin gona a Gummi, na haura hamsin, gemu ya fara fari. Aikina zagaya fadamun shinkafa, sai na sayi roba-roba, irin babur ɗin nan marar giya mai tsinin hanci, wanda samari ke so saboda gudu. Masu ƙera shi sun fito da shi iri biyu. Mu a Gummi ba ruwanmu da sunan da aka rubuta a jikinsu, na farko muka sa masa Mai-ido-ɗaya saboda fitilarsa ɗaya ce, wanda ya biyo bayansa muka ce Mai-ido-biyu. Nawa Mai-ido-ɗaya ne, ja, kuma ina ji da shi fiye da yadda ya kamata dattijo ya ji da ƙarfe.

Kakarku Inna tana Tunga a lokacin, ƙauyenmu da ke tsakanin Gummi da Bukkuyum, tare da ƙanena da matarsa Hajo. Yanar ido ta riga ta rufe mata gani. Ni ne ɗanta na fari, kuma ku 'yan yanzu ba za ku gane nauyin wannan ba. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Ba ta yi min magana kai tsaye sai da dole, ba ta tambayar lafiyata a gaban mutane, in na gaishe ta sai ta amsa tana fuskantar bango. Haka aka raine ta, kunyar ɗan fari a wurinta kamar farilla ce. Ina yaro na sha kuka a ɓoye idan na ga tana wasa da ƙannena. Da na sayi babur sai ta samo min suna, mai babur, ta kuma samo hanyar da za ta nuna tana sona ba tare da ta karya al'adarta ba.

Duk Juma'a in an sauko daga masallaci nakan kama hanyar Tunga. Kafin a shiga gari akwai rafi, in ka haye shi sai ka hau tudu, a nan inji ke yin nishi. Salansata kuwa ta taɓa bugun dutse a fadama, mai walda ya like ta, tun daga ranar wani abu a cikinta yake ɗan kaɗawa kamar an jefa tsakuwa a gwangwani. Ni abin haushi yake ba ni. Inna kuwa da shi take gane ni. Tun ina kan tudu za ta ɗaga kai ta ce:

“Hajo, dama hura. Mai babur ya hau rahi.”

Kafin in kafe babur in yi sallama, ƙwaryar fura tana ajiye a kan tabarma da ludayi a ciki, da nonon ruga mai sanyi. Hajo ta ce ran kasuwa babura ba iyaka ke bin wannan tudun, amma Inna ba ta taɓa sa ta dama fura a banza ba. Shekara uku muna haka. Wannan ƙwaryar ita ce duk hirar da ke tsakanina da mahaifiyata, kuma ta ishe ni, sai dai ban san ta ishe ni ba.

Sai Allah ya haɗa ni da Mista Bulus, ma'aikacin lafiya da aka turo mana daga kudancin Kaduna. Kirista ne, mutumin kirki, amma bakinsa ba ya hutawa. Bayan la'asar mukan zauna a inuwar dalbejiya gaban rumfar Lawali bakanike. Wata rana sai ga shi ya faka sabon Mai-ido-biyu, baƙi wuluk, dab da nawa, ya sauko yana karkaɗa makulli.

“Malam Sahabi, naka ai kaka ne, nawa jika. Dubi birkin gaba, faifai ne. Dubi agogo, lamba yake nunawa, ba allura mai rawar sanyi ba.”

“Jikan da ba shi da kik?” na ce masa. “Ran da batir yam mutu maka cikin daji, ka turo shi har Gummi, ni kau in wuce ka ina ɗaga maka hannu.”

Daga ranar ba mu da wata hira sai wannan. In gaya muku gaskiyar da ban taɓa amsa masa ba, nasa ya fi nawa ta fuskoki da yawa. Injinsa ya fi girma, birkinsa na kamawa nan take, fitilunsa sun fi haske, wurin zamansa ya fi faɗi. Nawa kuma cikinsa ya fi nisa da ƙasa, yana ratsa yashi da kunyoyin fadama inda nasa ke dafewa, ba ya shan mai, kuma duk bakaniken ƙauye ya san hanjinsa. Ga mai aiki irin nawa, nawa ne daidai. Da na tsaya a nan da na zauna lafiya. Amma wata Asabar muka jera zuwa Bukkuyum, ya murɗa ya bar ni ina shaƙar hayaƙinsa. Na iske shi a gindin wata tsamiya ya miƙe ƙafa yana ɓare gyaɗa.

“Af, ashe kana tafe? Na ɗauka ka koma gida ɗauko jaki.”

Na yi dariya, amma maganar ta kwana da ni. Washegari na kai babur wurin Lawali. Ya zagaya shi, ya murɗa, ya kasa kunne kamar likita.

“Baba Malam, injin nan lahiya lau shi ke, numhwashi na ba ya samu. Bar min shi, sai Mista Bulus ya riƙa ganin bayanka.”

Ya cire ƙaramar kafireta ya ɗaura babba, ya sake bel da fulogi, ya sa tayoyi masu faɗi, ya canza shokozoba. In wani cikinku zai yi wa babur kwaskwarima, to ga abin da na koya: shokozoba kaɗai ta yi min amfani, don bayana ya huta. Tayoyin sun yi kyau a kwalta, a yashi kuwa sai rawa. Babbar kafireta ta mayar da shi mashayi, kullum ina gidan mai. Na ƙarshe ita ce salansa. Lawali ya ciro wata fara mai walƙiya, mai buɗaɗɗen baki, ya ce samarin birni ita suke yayi. Da ya tayar sai da awakin unguwa suka watse. Na tambaye shi tsohuwar fa, ya ce ai ta gama aiki, ya wurga ta cikin tarin ƙarafa, ni kuma ban ko waiga ba. Da na shiga gida da ita mahaifiyarku ta toshe kunne ta ce:

“Malam, wanga kuka ba na mai hurhura na ba.”

Na ce mata mata ba su san babur ba. Mista Bulus da ya ji tawa, shi ma ya je ya ɗaura irinta don kada a bar shi a baya. Aikin nan ya ci mako uku, Juma'a uku ban je Tunga ba. A cikin makonnin ne 'yan bindiga a kan babura suka shiga wani ƙauye kusa da namu suka kore shanu. Na ji labarin a Gummi, na ce Allah ya kyauta, na koma zancen kafireta. Ko sau ɗaya ban haɗa wannan da wancan ba.

Juma'a ta huɗu muka tafi tare, shi zai duba idon Inna, ni kuma ina son mu raba gardama. Damina ta ja baya, dawa ta fi mutum tsawo. Muna gangarawa rafi na buɗe wuta, shi ma ya buɗe, kwarin ya ɗauki ƙarar yana mayar mana. A kan tudu na wuce shi. Na yi nasara, ina ihu kamar yaro, na shiga Tunga ina waigensa. Sai na ga ba kowa. Ga turmi da taɓarya a yashe, ga tukunya tana tafasa a murhu, ga takalmi ƙafa ɗaya a tsakiyar hanya. Na kashe inji na yi sallama a gidanmu, shiru, tabarmar Inna babu kowa a kai, ƙwarya a kife. Na fito ina kiran sunan ƙanena. Can sai dawa ta fara motsi, mutane suna fitowa ɗaya-ɗaya, mata da goyo, tsofaffi suna haki. Wani dattijo abokin mahaifina ya dube ni, ya dubi baburan.

“Kai na, Sahabi? Ku biyu kaɗai? Wallahi mun ɗauka sun kai ashirin.”

Sai na hango Hajo ta fito daga gona ita kaɗai tana kuka. Ta riƙo hannun Inna suna gudu, Inna ta yi tuntuɓe da kunyar gona ta faɗi a kan ƙugunta. Na same ta kwance tsakanin karan dawa, ko nishi ba ta yi. Na goya ta zuwa gida, kuma rabon jikina da nata tun ina goye a bayanta. Mista Bulus ya duba, fuskarsa ta gaya min kafin bakinsa. Ƙashin ƙugu ya karye. Mun kai ta asibiti, mun kawo mai ɗori, amma ƙashin tsufa bai kama ba. Inna ba ta sake takawa ba. Garin neman gira na rasa ido, kuma idon ma ba nawa ba.

Mutanen Tunga ba su zage ni ba, da sun zage ni da na fi jin sauƙi. Ita ma ba ta ce uffan a kan ƙafar ba. Sai bayan kwana biyu, ina zaune a bakin ƙofarta, na ji ta ce:

“Hajo, gaya wa mai babur ba ƙahwar ka damuna ba. Kin ce min, Inna yau Juma'a, ko Yaya na? Nic ce miki ba kukan nashi na ba, mu gudu. Ni da bakina nic ce ba shi na ba.”

Wannan maganar ta fi min karayar ciwo. Matar da ta shekara hamsin ba ta da hanyar kiran ɗanta sai ta kunne, na je na ƙwace mata hanyar saboda gardamar gindin dalbejiya. Tun daga ranar ba ni da buri sai ɗaya: in hau tudun nan ta gane ni tun kafin in yi sallama, ko sau ɗaya ne.

Na ɗauka abu ne mai sauƙi. Na sa Lawali ya kwance farar salansar, na ce ya ba ni tsohuwata. Ya tona tarin ƙarafa har ƙasa, babu, masu sayen gwangwan sun kwashe sun yi wajen Anka. Sai na sayi sabuwa fil ta Mai-ido-ɗaya, irin ta kamfani. Lafiyayya ce, kukanta a hankali, amma ba ta kaɗawa. Na hau tudu, na shiga gida, ƙwarya a kife. Na ja Hajo gefe na tambaye ta ko Inna ta ji.

“Ta jiya, Yaya. Tac ce mai awon hatsi na.”

Mista Bulus, wanda tun ranar bai ƙara yi min ba'a ba, ya jawo tasa ta asali daga ƙarƙashin gado ya kawo. A nan muka gane wani bambancin da duk gardamarmu ba ta taɓa kaiwa gare shi ba: ta Mai-ido-biyu ramukan kusoshinta ba su dace da nawa ba. Lawali ya lanƙwasa, ya yi dabara ta zauna, amma muryarta siririya ce. Wannan Juma'ar ma sai da na zauna aka dama fura. Har wauta na yi, na ɗauki sabuwar da na saya na buga mata dutse, na kai wa mai waldar nan ya like ta a daidai wurin. Hajo ta ce da Inna ta ji sai ta ce wani ya shigo gari yana jan garwa. Na yi dariya, na fita bayan gida na share hawaye. Inna kuwa kullum ƙara ramewa take, kwanciya tana cinta. Mista Bulus ya kira ni gefe ya ce:

“Malam Sahabi, ni ma'aikacin lafiya ne, ba zan ɓoye maka ba. In akwai abin da za ka yi, yi shi kafin sanyi ya shigo. Hau mu tafi Anka.”

Haka na hau bayan Mai-ido-biyun da na sha zagi, kuma na yarda wurin zamansa ya fi nawa daɗi. Sau uku muna zuwa. Mun bi masu gwangwan rumfa-rumfa, dattawa biyu suna tona tsatsa suna tambayar salansa mai tabon walda, ana yi mana kallon waɗanda suka zautu. A zuwa na uku wani ya tuna ya sayar da irinta ga masu wankin zinariya a bayan gari, don sukan ɗaura wa injin jan ruwa. Muka bi kwatance har bakin wani kududdufi. Injuna da yawa ke aiki a wurin, amma tun kafin in ga komai na tsaya cak. A cikin duk hayaniyar nan na ji tsakuwa a gwangwani. A ranar na san abin da Inna ke ji.

Mai injin baƙo ne daga gabas, Hausarsa ma da kyar take fita. Na ba shi labari tun daga farko, ban rage wautata ba. Ya kashe injin ana tsakiyar aiki, ya naɗe hannu da tsumma ya kwance salansar da zafinta. Na miƙa masa wata sabuwa da na zo da ita ya ɗaura a madadinta. Abin da ya ce kawai shi ne:

“Ni ma uwa yana gida. Ka gaishe shi.”

Mista Bulus bai bari na rungume salansar ba. Ya ce ƙurar wurin nan akwai gubar dalma, ita ta kashe yara a ƙauyukan Anka, ba za a kai ta gidan da ke da jarirai haka ba. Ya sa muka wanke ta fes, muka sake wankewa, sannan ya naɗe ta a buhu. Lawali ya mayar da ƙaramar kafireta da tsofaffin tayoyi, ya ɗaura salansar, shokozoba kaɗai na bari. Da ya tayar, sai ga kaɗawar nan ta dawo.

Ranar Juma'a na tafi ni kaɗai, a hankali, kamar mai ɗauke da ƙwai. Da na gangara rafi ina tsoron ko aikin injin ruwa ya canza mata murya, ko kunnen Inna ya yi nauyi. Na hau tudu, inji ya yi nishinsa, abin nan ya kaɗa. Na kafe babur a ƙofar gida, na daɗe ban iya shiga ba. Da na yi sallama na ɗaga labule, sai ga ƙwarya a kan tabarma, da ludayi a ciki, fura har ta kwanta. Hajo na tsaye ta rufe baki da gefen mayafi. Inna na kwance tana fuskantar bango yadda ta saba. Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa, sannan ta ce:

“Hajo, gaya wa mai babur ya sha hura. Kuma kar ya sake aron muryar wani.”

Na sha furar nan hawaye na zuba a cikinta, ban damu da wanda ya gani ba. Juma'a biyar Allah ya ƙara mana, kuma ko ɗaya ba ta kuskure ba. A ta shida na iske ana haƙa kabari.

Yau babu kowa a Tunga, kun sani. 'Yan bindiga sun sa mutanenmu sun watse, wasu nan Gummi, wasu Bukkuyum, hanyar ma ba ta biyuwa, ko kabarinta ba na iya ziyarta. Mista Bulus ya yi ritaya ya koma garinsu, in mun yi waya har yanzu yakan tambaye ni lafiyar kaka, wato babur ɗina. Ina kewar tudun nan, ina kewar matar da ba ta taɓa kiran sunana ba, kewar da tsufa ke ƙara mata nauyi maimakon ya rage. Shi ya sa in an sauko Juma'a nake tayar da shi a zaure. Ba don batir ba ne, kamar yadda na riƙa gaya muku. In ya ɗumama ya fara kaɗawa, nakan rufe ido in ji kamar an ce a dama fura.

Saboda haka in kun tashi sayarwa, ku sayar da babur ɗin, Allah ya sa albarka. Amma ku kwance salansar ku ajiye a ɗakina. Kuma muddin ina da rai, kada wanda ya sake ya kira Lawali ya ce ya gyara wannan kaɗawar.